A Sake Sassaƙa Jirgin Dufuna Tun Masu Gizago Na da Rai

Mu a Ɗanzomo ba mu da kogi. Ƙasarmu ta rairayi ce, ta gero da riɗi da wake. Ruwanmu na rijiya ne da na burtsatse, sai kududdufin damina da ke ƙafewa tun sanyi bai kankama ba. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, yaro kan girma har ya yi aure bai taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba. Duk da haka maganar jirgin ruwa ta daɗe tana ci mini rai, kuma abu biyu ne suka jawo ni cikinta: gizago da rijiya.

Tun ina yaro akwai wani dattijo masassaƙi a unguwarmu, mai yin turmi da taɓarya da akushi da ƙota. In mun taso daga makarantar allo mukan tsaya mu kalle shi. Yakan rarake cikin turmi da gizago, ya dakata, ya ƙwanƙwasa gefen da bayan yatsa, ya karkata kai ya saurara. Ya taɓa ce mini, "Ɗan nan, nan wajen da saura. Nan kuwa in na ƙara sara ɗaya na yi asarar icen." Ba shi da awo ko takarda. Kaurin icen yana cikin kunnensa da tafin hannunsa.

Ita kuwa rijiya, a shekarar 1987 ne wani makiyayi Bafulatani yake haƙa ta a kusa da ƙauyen Dufuna, cikin ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ba nisa da kogin Komadugu Gana. Da ya yi zurfin kusan mita 5 sai ya ci karo da ice mai tauri. Ashe kwale-kwale ne. A 1994 masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus, ciki har da Abubakar Garba da Peter Breunig, suka tono shi. Tsawonsa ya haura mita 8, faɗinsa kusan rabin mita, kaurin jikinsa bai wuce santimita 5 ba, goshinsa da gindinsa duka a fiƙe. Gwaji ya nuna ya kai shekara 8,000. Shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka, kuma yana cikin mafiya tsufa a duniya. Aka kai shi Damaturu aka adana. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Duk lokacin da na tuna santimita 5 ɗin nan, dattijon unguwarmu nake gani yana ƙwanƙwasa turmi. Wanda ya rarake gungume mai tsawon mita 8 ya bar masa wannan kauri bai huda shi ba, lalle shi ma da kunne ya yi aiki.

Ban san darajar wannan ilimi da jikina ba sai a damanar 2022, shekarar da ambaliya ta cinye garuruwa da gonaki a Jigawa. Ta'aziyya ta kai ni wani ƙauye a yankin Auyo, ruwa ya yanke hanya, babu shiga sai da fito. Mai fiton tsoho ne, jirginsa ma ba yaro ba, an toshe tsagarsa da tsumma da kwalta. Kafin ya taɓa gorar tuƙi sai da ya zaunar da mu ɗaya bayan ɗaya, yana duban jikin kowa. "Malam, koma tsakiya, ka zauna ƙasa, kada ka dafa baki," in ji shi. Mutum biyu ya hana shiga, ya ce su jira sawu na gaba, suka yi ta mita bai tanka ba.

Da muka yi nisa na ce, "Baba, wa ya sassaƙa maka shi?" Ya ce mai shi ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma suna acaɓa a birni. Sai ya shiga nuna mini. Ƙasan jirgin a baje yake, don ruwan fadama ba shi da zurfi, wani wurin bai kai gwiwa ba. Goshin siriri ne kuma a ɗage, don ya tsaga ciyawar kacalla ya hau kanta maimakon ya maƙale. Nauyin icen yana ƙasa, shi ya sa iska ba ta wasa da shi. A irin wannan ruwa gora ta fi filafili amfani, saboda haka an bar wa matuƙi wurin tsayawa a baya. Kowace kusurwa ta jirgin amsa ce ga wata matsala ta wannan ruwan, ba na wani wuri ba.

Yanzu ga abin da ake yayi. Duk sa'ad da jirgi ya kife, sai a ji kira daga hukumomi cewa a daina amfani da jiragen katako, a koma na faiba. Ba na raina zafin da ke jawo wannan kira. Wanda ya tuna Bagwai, ƙarshen Nuwamban 2021, inda jirgi ya kife a dam ɗin Watari aka rasa kusan mutum 30, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, ko ya tuna Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayun shekarar, ba zai yi wasa da maganar ba. Amma in muka dubi irin waɗannan haɗurra, abubuwan da ke maimaita kansu sanannu ne: lodi fiye da kima, tafiyar dare, rashin rigar kariya, da jirgin da ya tsufa ba a gyara ba. Jirgin faiba ma in aka ɗora masa ninkin abin da zai iya, nutsewa zai yi. Tsohon da ya hana mutum biyu shiga ya fi kowane irin jirgi kare rayukanmu a ranar.

Ba kuma cewa nake a ci gaba da sare itatuwa ba. Mu da ke bakin iyaka mun san kuɗin inuwa. Madacin da zai ba da gungume mai mita 8 ya yi wuya a ƙasar nan, shi ya sa ma jiragen da yawa yanzu na katako ne da ƙusa, aikin kafinta. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Faiba na iya zuwa, ƙarfe na iya zuwa. Abin da nake tsoro shi ne a kawo mana sabon abu da siffar da aka zana don wani ruwa dabam, a binne siffar da kakanni suka gwada a ruwan Haɗeja da Nguru har ta zauna.

Ingila ta bi ta wannan hanya. Tun ƙarni na 18 suka haƙa magudanan ruwa don jigilar gawayin kwal da kaya, suka ƙera jirage sirara, faɗinsu bai kai ƙafa 7 ba, tsawonsu wajen ƙafa 70, domin ƙofofin ruwan da ke ɗaga jirgi da sauke shi iyakar girmansu ke nan. Doki ke jan su daga gaɓa. Jirgin ƙasa da manyan motoci suka kashe sana'ar, amma siffar ba ta mutu ba. Har yau maƙera na yin sababbi da ƙarfe suna kwaikwayon goshin jiragen tsohon kamfanin Fellows Morton & Clayton, saboda kyansa da yadda yake tsaga ruwa. Wasu kuma sukan manna kawunan ƙusa na ado, waɗanda ba sa riƙe komai, don dai jirgin ya yi kama da na da. Darasi biyu ke nan a wuri ɗaya. Kwaikwayon da ya kama dalilin siffa yana raya ilimi. Wanda ya tsaya ga kwalliya kuwa hoto kawai yake ajiyewa.

A Holan ma akwai jirgin Pesse, wanda aka samu a 1955, ya ma girmi na Dufuna. Wasu sun yi shakkar ko jirgi ne, har ana cewa kwamin dabbobi ne. A 2001 aka sassaƙa irinsa aka sa a ruwa, mutum ya shiga ya tuƙa. Gani ya kori ji.

Ra'ayina ke nan: a tara tsofaffin masassaƙan jirgi da suka rage a Haɗeja da Guri da Kirikasamma da Nguru, a samo gungume ɗaya ta hanyar da doka ta yarda, a dasa madatai masu yawa a madadinsa, su sassaƙa jirgi daidai da awon na Dufuna a fili, inda yara za su gani. Sarakunan ruwa da masarautu su jagoranta. Ɗaliban Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da na Kwalejin Ilimi ta Gumel su zauna gefe da waya da littafi, su ɗauki kowane mataki, su rubuta sunan kowane sashe da Hausa da Badanci da Barbarci. A auna jiragen fiton da ke aiki yau, a miƙa awon ga kafintoci da masu zuba faiba, don sabon jirgi ya gaji tsohon. In an gama a sa shi a ruwa duk shekara. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, da Rigata ta Yawuri, sun nuna jama'armu na son kallon gwanintar ruwa.

Ina roƙon kada a manta da masassaƙanmu na tudu. Roba ta kori akushi, injin niƙa ya rage wa turmi aiki, amma hannun da ya san rarake ice ɗaya ne, ko a Ɗanzomo ko a bakin kogi. Dattijon unguwarmu ya rasu, gizagonsa na rataye a zauren gidansu ya yi tsatsa, ba wanda ya karɓa. Tsohon da ya fitar da ni a Auyo shi ma shekaru sun ja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jirgin Dufuna ya yi shekara 8,000 a ƙarƙashin ƙasa yana jiran mai haƙa rijiya, domin ice ne, laka ta riƙe shi. Abin da ke cikin kunne da tafin hannu kuwa, ranar da aka kai mai shi makwanci, babu rijiyar da za ta sake fito da shi.