Zaƙin Kalmomin Indiya a Kunnen Bahaushe: Baƙi Ne ko Ƴan Gida?

Wanda ya taɓa kwana a Gangara, ko a wani gari na karkarar Gazawa, Agiye da Gidan Rumji, bayan an gama girbi an kai damman gero rumbu, ya san irin sautin da dare yake ɗauke da shi. Daga gidan kallo ana jiyo rurin janareta, daga teburin mai shayi kuma siririyar muryar mace tana tashi daga wayar salula. Samarin da ke kan benci ba su taɓa taka Mumbai ba, galibinsu ba sa iya haɗa jimla guda da harshen Hindi, amma kowanensu yana da kalmar da ta kwanta masa a rai. Wani "dil" ce tasa, wani "zindagi", wani "muhabbat". Iyayensu ma haka suka yi a zamanin kaset da majigin silima. Tambayar da ta cancanci malamin harshe ya tsaya a kanta ita ce: mene ne kunne yake so a cikin kalmar da kwanya ba ta gama gane ta ba?

Finafinan Indiya sun fara shiga gidajen silima na arewacin Nijeriya tun shekarun 1950, ta hannun ƴan kasuwa Kwarori, wato ƴan asalin Lubnan. Iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi ba ta taɓa tsare goro da atamfa ba, balle waƙa. Mother India na 1957, Sholay na 1975 da Disco Dancer na 1982 sun zama kamar kayan gado. Ƴan kallo sun raɗa wa jarumai sunayen gida: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masana irin su Brian Larkin, a maƙalarsa ta 1997, da Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, sun yi bayanin abin da ya jawo wannan shaƙuwa: auren dole, biyayya ga iyaye, suturta jiki, takun saƙa tsakanin mai kuɗi da talaka. Bayanin ya gamsar ta fuskar jigo da al'ada. Abin da ya rage a duba shi ne ita kanta kalmar, domin ita ce take saura a baki bayan an manta labarin.

Abu na farko shi ne, harshen da Bahaushe yake kira "Indiyanci" ba tsantsar Hindin littafi ba ne. Hindi da Urdu tushensu ɗaya, nahawunsu ɗaya, a kasuwa ma da wuya a raba su. Inda suka rabu shi ne rubutu da rumbun kalmomin adabi. Hindi ana rubuta shi da baƙaƙen Devanagari, yana ɗebo manyan kalmominsa daga Sanskirit. Urdu ana rubuta shi da baƙaƙen Larabci bisa salon Farisa, yana ɗebo nasa daga Farisanci da Larabci. Bahaushen da ya san boko da ajami ba zai yi mamakin harshe mai riga biyu ba. Tun kafuwar daular Dalhi a 1206, da ta Mugal a 1526, Farisanci ya kasance harshen fada da na ilimi, sai a 1837 Turawan Ingila suka sauke shi daga aikin hukuma. Daga wannan cakuɗa ne waƙar Urdu ta tsiro, ta haifi mawaƙa irin su Mirza Ghalib, wanda ya rasu a 1869. Manyan marubutan waƙoƙin silima kuwa, Sahir Ludhianvi, Shakeel Badayuni da Majrooh Sultanpuri, dukansu mawaƙan Urdu ne kafin su shiga fim. Saboda haka abin da Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi suka rera wa duniya cike yake da Larabci da Farisanci.

Nan ne sirrin ya fara bayyana. Larabcin da ya shiga Indiya ta hanyar Farisa shi ne ya shigo ƙasar Hausa ta hamada, ta hannun fatake da malamai, tun kafin zuwan Al-Maghili Kano da Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. Kalmomi da yawa da ake ɗauka baƙi ne, ƴan uwa ne da suka rabu a hanya. "Duniya" ba ta sauya ko harafi ba. "Khabar" ita ce labari, "waqt" ita ce lokaci, "kitab" littafi, "qalam" alƙalami, "jannat" aljanna, "dua" addu'a, "niyyat" niyya, "himmat" himma, "naseeb" nasibi. Sau da yawa Hausa ta haɗiye kalmar tare da "al" ɗin Larabci, Urdu kuma ta bar ta tsirara, shi ya sa kamannin ya ɓuya. Kunne yakan ji dangantakar ko da mai shi bai lura ba, kamar yadda ake jin muryar ɗan uwa a cikin hayaniyar kasuwa. Rabin daɗin da ake ji daɗin sake haɗuwa ne.

Sai dai tagwayen da suka girma a gidaje daban ba su rasa bambancin hali, kuma a nan ne mai nazari zai fi ƙaruwa. "Nazar" a waƙar Urdu kallo ne, musamman kallon masoyiya wanda ke soke zuciya. Hausa ta ɗauki tushen guda ta mai da shi "nazari", aikin ɗalibi a gaban littafi. "Jawab" amsa ce, "jawabi" kuwa maganar shugaba ce a gaban taro. "Qayamat" ita ce ƙiyama, amma mawaƙin Urdu yakan kira kyan mace da wannan suna, wai don yana tayar da hankali kamar ranar tashi. Bahaushe bai yarda ya fitar da wannan kalma daga wa'azi ba. "Sukoon", wadda masu sha'awar Urdu suke yawan sanyawa cikin kalmominsu mafi daɗi, natsuwar zuciya ce. "Sukuni" na Hausa ya fi karkata ga sarari da walwala, har akan ce mutum bai sami sukunin zuwa ba. Bambancin yana nuna tarihin kowane harshe. A Indiya kalmomin sun bi ta fada da majalisar mawaƙa, suka koyi zancen so. A ƙasar Hausa sun bi ta zaure da makarantar allo da kotun alƙali, suka koyi kamun kai.

Kalmar "ishq" ta isa misali ita kaɗai. A Urdu tana da fuska biyu, son ɗan Adam da son Ubangiji, kuma mawaƙan Sufaye sun daɗe suna wasa da wannan harshen damo. A Kano an sami ƙungiyar masu bandiri da ake kira Ushaƙu Indiya, waɗanda suke ɗaukar karin waƙoƙin fim su ɗora masa begen Annabi da Hausa. Wasu malamai sun ƙi abin, suna ganin an kawo kayan silima wurin da bai dace ba. Ta fuskar tarihin kalma dai, masu bandirin sun mayar da "ishq" gidan da ta fito ne: silima ta karɓe ta daga Sufaye, su kuma suka karɓo ta daga silima.

Amma ba duka kalmomin da ake so ne suke da dangi a Hausa ba. "Dil" zuciya, "jaan" rai, "dard" raɗaɗi, "zindagi" rayuwa, "dost" aboki, duk daga Farisanci suke. "Pyar" da "prem" so, "sapna" mafarki, "chand" wata, tushensu Sanskirit. A nan sauti ne ke aiki. Hindi da Urdu suna bambanta dogon wasali da gajere kamar yadda Hausa take yi, abin da Faransanci bai damu da shi ba. Waƙar Urdu tana tafiya a kan ma'aunin aruli na Larabci da Farisanci, mai ƙirga gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma a kan irin wannan ma'auni ne aka gina rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Nana Asma'u. Kunnen da ya saba da ƙasidar ajami yana gane takun baitin Indiya kafin ya gane ma'anarsa. Inda harsunan suka saɓa ma, saɓanin yana ƙara zaƙi. Kalmar Hausa ta fi son ƙarewa da wasali, shi ya sa "shauq" ta zama shauƙi, "ruh" ta zama ruhi. Idan mawaƙiya ta ja "dil" ta tsaya a kan baƙi, Bahaushe yakan ji kamar an rufe ƙofa a hankali ba a ƙarasa ba, kuma wannan ragowar ce take riƙe shi.

Daga nan wasu suke yanke hukuncin cewa Indiyanci ya fi Hausa iya zancen so. Wannan hukunci bai tsaya da ƙafafunsa ba. Harshen da yake da so, ƙauna, bege, shauƙi, kewa, marmari, ɗoki da ƙawazuci, kowace da matsayinta, ba matalauci ba ne a wannan fage. Abin da ke akwai shi ne kunya. A al'adar da mace ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, furta so a fili abu ne mai nauyi. Baƙuwar kalma sai ta zama mayafi. Saurayi yana iya rera "muhabbat" a gaban yayansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba, alhali fassararta da Hausa za ta sa shi neman wurin ɓuya. Ashe wani ɓangare na zaƙin daga nisa yake fitowa, ba daga kalmar ba. Mutumin Dalhi yana amfani da "dil" a wurin likita, kamar yadda Bahaushe yake ambaton zuciya a asibiti, ba tare da jin wata waƙa a ciki ba. Littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, sun nuna cewa Hausa tana ɗaukar wannan kaya idan aka ɗora mata, ko da yake surutun da suka jawo ya tabbatar da cewa mayafin yana da aikin da yake yi.

Lamarin ya sauya tun shekarun 2010, lokacin da ɗakunan fassara na Kano suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan finafinan Indiya, ana rarraba su ta katin waya da intanet har ƙauyukan jahar Maraɗi. Alfanun a bayyane yake: tsohuwa da yaro suna bin labari ba tare da tafinta ba, kuma Hausa ta sami sabon fagen gwada ƙarfinta, har wasu kalaman masu fassara suka zama sara a bakin matasa. Hasarar ita ce ba a cika lura da ita ba. Da yawa daga finafinan da ake fassarawa na kudancin Indiya ne, na Telugu da Tamil, harsunan da ba dangin Hindi ba ne, kuma faɗa ya fi yawa a cikinsu. Inda aka fassara na Hindi ma, gaggawar kasuwa takan sa a tara "pyar", "muhabbat" da "ishq" a kwando ɗaya a kira su soyayya, alhali Hausa tana da so da ƙauna da bege da za su raba su. Mai kallon da ya sha wahalar tsintar kalmomi ɗaya bayan ɗaya yana koyon saurare. Wanda aka tauna masa aka ba shi a baki ya huta, amma kunnensa bai yi aiki ba.

Wannan ya shafi malamai da ƙungiyoyin raya al'adu kai tsaye. Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973, kuma kundin sabunta ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Harshen da aka ɗora wa wannan nauyi yana bukatar ɗalibai masu sanin inda kalmominsa suka fito da inda suka je. Malami a Gangara ba ya bukatar ɗakin karatu kafin ya fara. Ya isa ya rubuta layi uku a allo, Larabci, Urdu da Hausa, ya sa "waqt" kusa da lokaci, "nazar" kusa da nazari, ya bar yara su gano da kansu abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. A darasi guda an taɓa tarihi, labarin ƙasa, nahawu da aro, da kayan da yaran suka riga suka shigo da su aji. Ƙungiyar al'adu kuma tana iya juya tambayar: kowa ya kawo kalmar Hausa da ta fi yi masa daɗi, ya faɗi dalili. Za a ji yayyafi, gamzaki, lallausa, sassanya, walƙiya, da waɗansu kalmomin Katsinanci da Gobiranci da ƙamus bai riga ya tattara ba.

Ba laifi ba ne kunne ya so baƙon sauti, kuma hana yaro rera abin da ya ji bai taɓa ƙara masa son harshensa ba. Abin gudu shi ne ya girma da zaton cewa zaƙi a ƙetare kawai yake. Masu iya magana sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Yaron da aka nuna masa cewa "shauq" ɗin da ya ji a waya ita ce shauƙin da kakarsa take ambata a waƙar bege zai ci gaba da son ta Indiyan, amma zai fara kasa kunne ga ta gida.