Tufka Da Warwara A Fim Ɗin 'The Devil Wears Prada'

Fim: The Devil Wears Prada
Shekara: 2006
Darakta: David Frankel
Tsara labari: Aline Brosh McKenna
Kayan sawa: Patricia Field
'Yan wasa: Meryl Streep, Anne Hathaway, Emily Blunt, Stanley Tucci

Mai karatu, wannan watan na ɗan fita daga gida, na leƙa Amurka. Dalili kuwa, a shekarar 2025 aka koma birnin Niyok aka fara ɗaukar kashi na biyu na wannan fim da tsofaffin 'yan wasansa, sai na ga ya kamata mu koma kan na farkon mu yi masa kallon tsanaki. Na sake kallonsa har sau biyu, abin da na fito da shi kuma shi ne: fim ne mai daɗin kallo ƙwarai, amma mai baki biyu. Da baki ɗaya yana zagin duniyar ado da ƙawa, da ɗayan kuma yana yi mata kirari.

Ma'anar sunan fim ɗin dai ita ce Shaiɗan na sanye da kayan Prada. Shi Prada wani babban gidan ɗinki ne na birnin Milan a ƙasar Italiya, wanda aka kafa a 1913 a matsayin shagon kayan fata, ya zama ɗaya daga cikin gidajen da matan attajirai ke rububin kayansu. An ciro labarin ne daga littafin Lauren Weisberger na 2003. Ita marubuciyar ta taɓa yin aiki a ƙarƙashin Anna Wintour, matar da ta riƙe kujerar babbar editar mujallar Vogue ta Amurka daga 1988 zuwa 2025. Shi ya sa tun ranar da fim ɗin ya fito kowa ya san da wa ake, ko da ba a kama suna ba.

Ga labarin a taƙaice. Andy (Anne Hathaway) yarinya ce da ta gama jami'a da burin zama 'yar jarida. Ba ruwanta da kwalliya, duk rigar da ta samu sawa take yi. Sai ta samu aikin mataimakiya ta biyu ga Miranda Priestly (Meryl Streep), editar wata mujallar ado mai suna Runway. Miranda mace ce da ba ta ɗaga murya, amma in ta shigo ofis kowa sai ya shiga taitayinsa. Kullum da safe za ta watsa wa Andy kwat da jaka a kan tebur ko kallonta ba ta yi. Akwai ranar da ta ce a nemo wa tagwayenta littafin Harry Potter da ba a ma buga ba. An gaya wa Andy cewa in ta jure shekara ɗaya, babu gidan jaridar da ba zai ɗauke ta ba. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sannu a hankali ta canza shiga, ta canza hali, abokai suka ja baya, saurayinta Nate ya gaji, har ta kai ta karɓi tafiyar Faris da abokiyar aikinta Emily ta shekara tana mafarki.

Kafin mu ci gaba, bari in warware wani abu da zai iya shige wa mai kallo duhu. A ƙasashen Turai da Amurka akwai lokacin da sanyi ke janyewa, itatuwa su yi toho, furanni su buɗe, wato daga watan Maris zuwa Mayu. Masu fassara kan kira shi bazara, alhali bazararmu ta zafi da gumi ce, ba ta da haɗi da wannan. Ni zan kira shi lokacin toho. Masu harkar ado sun raba shekararsu gida biyu: kayan lokacin toho da zafi, da kuma kayan kaka da hunturu. Abin mamakin shi ne, kayan lokacin toho ba a lokacin ake nuna su ba. Tun watan Satumba zuwa farkon Oktoba na shekarar da ta gabata ake baje kolinsu, a Niyok, sai Landan, sai Milan, a rufe da Faris. Tazarar wata shidan nan ita ke ba manyan kantuna damar yin oda, masana'antu su ɗinka, mujallu su ɗauki hotuna. Ke nan ranar da mace ta shiga kanti a watan Afrilu ta ce wannan launi ya kwanta mata, an daɗe da yanke mata hukunci a wani ɗaki da ba ta taɓa shiga ba.

A nan fim ɗin ya fi burge ni, domin ya bayyana wannan sirri a fitowa biyu kacal, ba tare da dogon wa'azi ba. Ta farko a wajen taron editoci ne. Wata ma'aikaciya ta kawo shawarar a yi shafukan riguna masu zanen furanni saboda lokacin toho. Miranda, cikin sanyin murya, ta yi mata gatse, wai furanni a lokacin furanni, lallai an zo da sabon abu. Kalmomin ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba, amma sun tona asirin sana'ar gaba ɗaya: abu ɗaya ake juyawa duk shekara, aikin edita shi ne ya sa a ga kamar ba a taɓa yi ba. Ai ko a ranar 12 ga Fabrairu, 1947, da Christian Dior ya fito da kayansa na farko na lokacin toho, masu tsuke ƙugu da buɗaɗɗen siket, da siffar fure ya kwatanta su. Mata sun fito daga ƙuncin Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da yadi ma sai da kati ake saye, sai ga siket mai cin yadi kamar ba gobe. Shekara kusan sittin bayan nan, ga shi ana kawo wa Miranda furen a matsayin sabuwar dabara.

Fitowa ta biyu ita ce ta shuɗiyar suwaita, wadda a ganina ita ce zuciyar fim ɗin. Ana muhawara a kan bel guda biyu da Andy ke gani iri ɗaya ne, sai dariya ta kuɓuce mata. Miranda ta juyo ta dubi suwaitar da ke jikinta, ta shiga karanta mata tarihin launin: yadda wani babban mai zanen kaya ya fara fito da shi, wasu suka kwaikwaya, ya gangaro manyan kantuna, har ya ƙare a kwandon kayan rangwame inda ita Andy ta tsinta. Wato wadda ke ganin ta fi ƙarfin yayi, ita ma yayin take sanye da shi, sai dai ragowarsa. Meryl Streep ta yi wannan magana tana ci gaba da zaɓen kaya, kamar mai ba da labarin abin da bai dame ta ba. Wallahi ko don wannan fitowa kaɗai ta cancanci kyautar Golden Globe da ta samu.

To amma fa daga nan tufkar ta fara warwarewa. Fim ɗin ya ce mana wannan duniya tana cinye mutane. Mun ga Emily tana horar da kanta da yunwa don ta shiga rigunan Faris, mun ga mota ta buge ta a kan titi tana gudu da gyalulluka na Hermès da aka aike ta. Mun ga Miranda a ɗakin otal ba kwalliya, ido ya yi ja, mijinta na neman rabuwa. Mun ga yadda ta sadaukar da Nigel (Stanley Tucci), amininta na shekaru, don ta tsira da kujerarta. Duk wannan gaskiya ne. Amma ka lura da abin da kyamara ke yi. Ranar da Nigel ya shigar da Andy ɗakin ajiyar kaya ya canza mata shiga, sai kiɗa ya tashi, haske ya ƙaru, tana tafe a titi riga na sauyawa duk bayan taku kaɗan, waƙar Madonna na bin ta. Babu mai kallon da zai ga wannan ya ce kaico, yarinya ta ɓata. Kowa cewa zai yi yanzu ta zama mutum. Har ramar da ta yi don ta shiga ƙaramar riga, da murna aka sanar da ita. Patricia Field ta tara wa fim ɗin kayan da aka ƙiyasta sun haura dala miliyan ɗaya, yawancinsu aro daga manyan gidajen ɗinki, Valentino ma da kansa ya fito a ciki. Ka ga kuwa wanda ya ara maka riga ba za ka tsaya ka tsine masa da gaske ba.

Babban giɓin da na gani shi ne inda aka datse zancen suwaitar. Miranda ta bi launin daga sama har kwandon rangwame, ta ambaci ɗimbin kuɗi da ayyukan yi, ta tsaya. Tun daga farkon fim har ƙarshe ban ga inda kyamara ta tsaya a kan mai zaman keken ɗinki ba. Wa ya ɗinka suwaitar? Amsar ta zo wa duniya a ranar 24 ga Afrilu, 2013, lokacin da benen Rana Plaza mai hawa takwas ya rufta a kusa da Dhaka ta ƙasar Bangaladash, mutum 1,134 suka mutu, galibinsu mata masu ɗinki. Ba rigunan alfarma suke ɗinkawa ba, irin kayan araha ne masu bin sawun yayi, wato daidai ajin suwaitar Andy. Kuma tafiyar ba ta ƙarewa a kwandon rangwame. In lokacin toho ya wuce, wani yayin ya shigo, sai a ɗaure tsofaffin a dila a turo Afirka. Wanda ya taɓa ɗaga gwanjo a Ƙofar Wambai ko kasuwar Kantamanto ta Ankara, ya riƙe ƙarshen zaren da Miranda ta fara ja. Mai son ganin wannan ɓangaren sai ya nemi fim ɗin gaskiya na Andrew Morgan, The True Cost, na 2015.

Ƙarshen fim ɗin ma bai gamsar da ni ba. Andy ta jefa wayarta a cikin ruwa a Faris, ta koma gida, ta ba Emily rigunan, ta samu aikin jarida. Amma da me ta samu aikin? Da shaidar da Miranda ta aika. Ta ci moriyar ganga ta yada kaurenta, fim ɗin kuma ya tafa mata. Shi kuwa Nate, wanda aka ɗora a matsayin muryar gaskiya, ni ban ga abin da ya yi ba illa ƙorafi don ba a zo bikin ranar haihuwarsa ba. Da namiji ne ke wannan aiki ba dare ba rana, anya za a kira shi shaiɗan? Andy da kanta ta yi irin wannan magana a fim ɗin, darakta bai bi ta ba.

Ga masu shirya finafinanmu kuwa, akwai darasi babba a nan. A wannan fim tufafi magana suke yi. Ko ka kashe sauti, daga takalmin Andy kaɗai za ka san inda labari ya kai. Mu kuwa sau nawa muke ganin jaruma a matsayin 'yar talakawa da ba a ɗora tukunya a gidansu ba, amma ta canza leshi uku kafin la'asar? Mai kula da kayan sawa ba ɗan aike ba ne, marubuci ne na biyu.

An kashe wa fim ɗin abin da bai kai dala miliyan 50 ba, ya dawo da sama da miliyan 300, an kuma sa sunan Streep da na Field a takarar Oscar. Ka neme shi ka kalla, mai karatu, wasan Meryl Streep da Emily Blunt ya isa dalili. In ka samu hali ka haɗa da The September Issue na 2009, inda R.J. Cutler ya bi Anna Wintour ta gaske tana haɗa Vogue ta Satumbar 2007 mai shafi 840. Sai dai in an zo wajen shuɗiyar suwaita, ka ɗan tsayar da fim ɗin ka dubi wuyan rigar da ke jikinka, ka karanta sunan ƙasar da aka ɗinka ta.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.