Fuskar Wani, Cinikin Wani

A Tudun Wadar Zariya fuskokin mashahurai sun fi fitilun titi yawa. Shagon aski ba ya rasa Ronaldo ko Ahmed Musa a jikin ƙofa. Tela ya manna hotunan jaruman Kannywood cikin atamfa da leshi, ko da kuwa ba shi ya ɗinka ba. A bayan keke Napep ga Sardauna, ga Shehu Ibrahim Inyass, ga marigayi Ibro yana zare ido. Mai maganin gargajiya ma, wanda ke zagaye kasuwa da lasifika a kan mota, ya buga bana mai ɗauke da fuskar wata jaruma tana murmushi a gefen kwalbar maganin basir. Duk cikin waɗannan mutane babu wanda aka nemi izininsa, na raye da na mace.

Yadda ake haɗa abin bai fi aikin minti goma ba. Mai kaya zai shiga ɗaya daga cikin shagunan buga katin biki da bana da ke tsakanin kasuwa da Kongo, ya zauna kusa da yaron da ke kan kwamfuta. Yaron ya ce, "Alhaji, wa za a sa?" Alhaji ya ce, "Sa min wadda take tashe, fara dai." Sai yaron ya buɗe Instagram, ya sauke hoto, ya yanke bayansa a CorelDraw, ya ƙara wa fatar haske, ya liƙa robar man shafawa a daidai hannun jarumar, har ka rantse ita ta riƙe. Kuɗin da za a yi ciniki a kansa shi ne na faɗin bana da tsawonsa. Fuskar kyauta ce, kuma da za a ce wa mutanen biyu sun ɗauki kayan wani, da gaske za su yi mamaki.

Mamakin nasu yana da tushe. Bahaushe ya daɗe yana laƙaba wa kaya sunan manya. Hular Zanna Bukar sunan ministan Jamhuriya ta Farko ce ta ɗauka, Zanna Bukar Dipcharima, kuma ba a taɓa jin cewa masu ɗinkinta suna kai wa iyalansa wani kaso ba. Direban da ya manna hoton shehinsa a gilashi ƙauna yake nunawa, ba ya cewa shehin ne ya ɗauke shi aiki. Wanda ya shiga shagon aski bai taɓa zaton Ronaldo a nan yake aski ba. Irin wannan ba a yaudari kowa ba, kuma duk dokar da za ta taɓa shi ta yi zalunci.

Maganar tana sauyawa ne a lokacin da hoto ya fara yin shaida. Fuskar jaruma a jikin man bilicin tana gaya wa mai saye cewa wannan hasken fatar daga robar nan ya fito. Fuskar malami a jikin takardar maganin sanyi tana cewa malam ya duba, ya amince. A nan mutum biyu aka cuta lokaci guda. Na farko mai saye, wadda ta fitar da kuɗinta saboda ta yarda da wadda ta gani. Na biyu mai fuskar, kuma asararsa ta kuɗi ce tsagwaronta. Lokacin da kamfanin Glo ya ɗauki Ali Nuhu da Sani Danja a matsayin jakadunsa, abin da ya saya shi ne wannan yardar da jama'a suka ba su, kuma irin wannan kwantiragi yakan zo da sharaɗin cewa ba za a ga mutum yana tallan abokin hamayya ba. Fuskar da ta riga ta cika kowane lungu a jikin kowane irin tarkace, wane kamfani ne zai zuba mata miliyoyi? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: jarumi ya sha rana a wajen ɗaukar fim, ya sha zagi a kafafen sada zumunta, mai bana ya kwashe.

Ga mata kuwa abin ya wuce kuɗi. 'Yar fim a Arewa dama a kan siraɗi take tafiya. Ranar da hotonta ya fito a jikin kayan mata ko maganin ƙarfin maza, babu mai tsayawa ya tambaya ko da saninta. Za a kai wa mahaifinta labari a masallaci, manemin aurenta ya ja baya, ita kuma ta koma yin bidiyo tana rantse-rantse.

To ina za ta kai ƙara? Nan ne gizo ke saƙar. Nijeriya ba ta da wata doka guda da ta ce sunan mutum da kamanninsa da muryarsa dukiyarsa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare hoto, amma a ƙa'ida mai hoton shi ne wanda ya ɗauka, ba wanda aka ɗauka ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da wannan ƙa'ida tun a 2021, a ƙarƙashin tsohuwar doka, a shari'ar wata mata da kamfanin NTA-Star mai StarTimes, bayan an yi amfani da hotonta a allunan talla. Matar ta tashi a tutar babu. Ke nan mai kyamara yana da bakin magana a kotu, mai fuskar kuwa sai lauyanta ya yi ta kame-kame: sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 da ke kare sirrin mutum, ko dokar kare bayanan jama'a ta 2023, ko ƙarar ɓata suna, ko kuma wata tsohuwar ƙa'ida da aka gada daga Ingila wadda ta hana ɗan kasuwa yin sojan gona da sunan wani. Da wannan ta ƙarshen ce mawaƙiya Rihanna ta kayar da kantin Topshop a Landan a 2013 kan rigar da aka buga da hotonta, kuma ko a can alƙalin ya fito fili ya ce dokar Ingila ba ta san wani haƙƙi na kamanni ba. Ta yi nasara ne saboda ta nuna masu saye za su ɗauka da yawunta aka yi.

Rigar Super Eagles ta gasar cin kofin duniya ta 2018 ta nuna giɓin ƙarara. Jabunta ya cika kasuwanni tun kafin ta gaskiya ta iso, kuma bayan ƙwallaye biyun da Ahmed Musa ya zura wa Iceland, yara a Zariya suka yi ta yawo da lamba 7 da sunansa a baya. Alamar Nike da ke ƙirjin rigar tana da rajista, kamfanin na iya sa a kama kaya. Sunan da ke bayanta, wanda shi ya sayar da rigar, ba shi da irin wannan gata sai in mai shi ya je Abuja ya yi masa rajistar tambarin kasuwanci, ta shekara 7 a karon farko, sannan a riƙa sabuntawa.

Wasu ƙasashe a nan suka faro. Wata budurwa a jihar New York, Abigail Roberson, ta ga hotonta a takardun tallan fulawa kusan 25,000. Ta kai ƙara, a 1902 kotu ta ce babu dokar da aka karya. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa majalisar jihar ta yi doka a 1903, wadda ta haramta amfani da suna ko hoton mutum mai rai a talla sai da rubutaccen izininsa. A 1953 wata kotun Amurka, a rikicin kamfanonin cingam biyu kan katunan 'yan wasa, ta ɗauki abin a matsayin haƙƙi mai daraja da ake iya sayarwa. Indiya ma, wadda Bahaushe ya fi sani, ta bi sahu ta hanyar kotu. A Nuwamban 2022 Babbar Kotun Delhi ta hana amfani da suna da hoto da muryar Amitabh Bachchan ba da izininsa ba, bayan masu cacar bogi sun yi ta damfara da su, a 2023 kuma Anil Kapoor ya sami irin wannan kariya. (Gara dai kada lauyoyinsu su leƙo Arewa. Masana'antar Kannywood da ta yi shekaru tana ɗebo labarai da kiɗan Indiya ba sallama, ita ma akwai abin da za a tambaye ta.)

Sai batun mamata, wanda ya fi kowanne ɗaure kai. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. Waƙoƙinsa doka ta kare su har shekara 70 bayan rasuwarsa, don haka magadansa na da hurumin magana a kansu. Amma wanda ya buga fuskar Shata a jikin buhun shinkafa, ko ya sa wani ya kwaikwayi muryarsa yana tallan taki, wace doka ce ta kama shi? Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disamban 2014, hotonsa bai daina yawo ba. Jihar Tennessee ta warware irin wannan a 1984 saboda mawaƙi Elvis Presley, Kalifoniya kuma ta ba magada shekara 70. Musulmi ba sai ya je can neman hujja ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin marubuci haƙƙoƙi ne masu ƙimar dukiya, kuma bai halatta a keta su ba. Daga nan zuwa cewa sunan da mawaƙi ya gina da guminsa yana shiga gado, tazarar kaɗan ce. Jami'ar Ahmadu Bello da ta ba Shata digirin girmamawa tana da tsangayar shari'a da cibiyar nazarin shari'ar Musulunci a Kongo, tafiyar ƙafa daga shagunan da ake wannan aiki. Wannan bincike nasu ne.

Lokaci kuma ba ya jira. Abin da jiya sai an yanka hoto a kwamfuta, yau ƙirƙirarriyar basira tana yinsa da murya da motsin leɓe. An riga an ga bidiyoyin jabu a Facebook da ke nuna Aliko Dangote yana kiran mutane su zuba kuɗi a wata harkar da bai san da ita ba. Tennessee ta faɗaɗa dokarta a 2024 don ta haɗa da muryar da aka ƙera da na'ura. A ƙasar da sauraro ya fi karatu tasiri, inda saƙon murya a WhatsApp ke ƙetare jihohi kafin la'asar, ranar da aka fara jin muryar wani babban malami yana yabon maganin ciwon suga, ɓarnar za ta wuce ta bana nesa ba kusa ba.

Dokar da ake buƙata mai ƙunci ce, kuma dole a faɗi haka da ƙarfi, domin a Nijeriya doka mai faɗi takan ƙare a hannun ɗan sanda da ɗan siyasa. Idan aka rubuta ta sakaka, yaron kwamfuta ne zai kwana a caji ofis, mai zanen barkwanci da ɗan jarida su bi bayansa, don wani gwamna ya ce an taɓa kamanninsa. Ya kamata ta tsaya a kan abu guda: sayar da kaya ko neman kuɗi ta hanyar nuna cewa wane ya amince alhali bai amince ba. Ta zama ƙarar neman diyya, ba ta ɗauri ba. Ta bi mai kayan, ba mai injin bugawa ba. Ta ba magada wa'adi sananne. Labari da tarihi da raha da sitikar masoyi su fita daga cikinta.

Kafin majalisa ta farka, akwai abin da ke hannu. Tallan magani da kayan shafa sai da amincewar NAFDAC, kuma hukumar kula da talla ta ARCON, da dokarta ta 2022, tana da ikon tantance talla kafin ya fita. Babu abin da ya hana su neman takardar izinin mai fuskar. Ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN za ta iya ɗaukar lauya guda ta gwada ƙara ɗaya mai ƙarfi a kan wani babban mai kaya, don a sami hukuncin da za a riƙa nunawa. Jaruman kansu su daina zuwa ɗaukar hoto a kan amana: a rubuta wa ke da hoton, a ina za a sa shi, zuwa yaushe. Masu shagunan buga bana na Tudun Wada kuma, in Alhaji ya ce a sa masa wadda take tashe a jikin magani, a tambaye shi takardarta tukuna.