Kalmomin Yaƙi a Cikin Littafin Shaihu Umar

Mutumin da ya gama ajin yaƙi da jahilci, ya karɓi takardar shaidarsa, ba ya daɗewa sai ya gane sanin baƙi da wasali dabam ne, sanin magana kuma dabam. Da ya buɗe littafi sai ya yi karo da kalmar da bai taɓa ji ba, ko kuwa wadda ya sha ji amma bai taɓa tsayawa ya tambayi asalinta ba. Maganin da waɗansu malamai su ke bayarwa shi ne su jera kalmomi a allo, kowace da ma'anarta a gefe, a ce a haddace. Ban raina wannan ba, don da haka muka fara. Amma kalmar da aka ciro daga cikin labari aka kafa ta ita kaɗai, kamar kifi ce a kasuwa: za ka ga girmansa da launinsa, ba za ka ga yadda ya ke tafiya cikin ruwa ba.

Na fi ganin wannan a kan kalmomin yaƙi, musamman a nan Sakkwato, inda yaro ke tashi da su a kunne. Wa bai san lifidi da sulke da kwalkwali ba? Wa bai ji barade da dakaru da sansani ba, ko tuta da tambari? Muna ganin kayan a jikin dawaki ran hawan salla, muna jin sunayen a bakin makaɗa da maroƙa. Tsofaffi kuwa suna ba da labarin Tabkin Kwatto a 1804, da cin Alƙalawa a 1808, da ranar 15 ga Maris 1903 da aka kara da Turawa a Giginya. Duk wannan tarihinmu ne, ya kamata a san shi. Sai dai wanda ya koyi kalmomin nan daga kirari kaɗai, gefe guda ya sani, watau gefen wanda ke bisa doki.

Littattafai biyu sun nuna wannan bambanci sarai, kuma tare aka haife su. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta labarai da Hausa. Cikin biyar ɗin da aka buga har da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a sa'an nan saurayi ne mai koyarwa a Bauci. Ganɗoki littafi ne mai daɗi, ba mai musun haka. Jarumi ne ke ba da labarin kansa, ya kara da Turawa, ya shiga cikin aljannu, ko'ina ya juya sai sara da suka. Mai karatu zai tsinci kalmomin fagen fama a ciki har ya gaji. Amma ka gama shi kaf ba za ka ji zuciyarka ta tambaye ka ina uwar wanda aka sare ba.

Shaihu Umar kuwa daga wannan tambaya ya ɗauko. Ba yaƙin tuta da tuta ne a cikinsa ba, ƙaramin abu ne wanda mutanen da ba su ma ɗauke shi yaƙi sosai ba, watau hari. To, bari mu tsaya a kan kalmar nan, don ita ce gindin littafin. In ka duba ƙamus, ko na Bargery da aka buga a 1934, ko na Abraham, za ka sami ma'anarta a taƙaice: a fāɗa wa mutane ba zato, a kwashi abin da aka samu. Daidai ne. Amma dubi yadda Malam Abubakar ya koyar da ita. Ya fara nuna maka hari daga wajen masu kai shi: Sarkin Kagara ya tura mutanensa ƙasar Gwari, cikinsu har da Makau, mijin uwar Umar, kowa yana murna kamar za a tafi girbi. Aka dawo da bayi. Tun ba a huta ba sai hassada ta tashi a fada, aka ce Makau ya ɓoye waɗansu daga cikin waɗanda ya kamo, aka kore shi daga garin. Ashe wutar da aka kai wa Gwarawa a gidan mai kai ta ta fara ci. Daga nan gida ya watse. Aka sace Umar yana ƙarami, ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu har ya faɗa wajen Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ƙetare hamada da shi. Uwarsa ta fita nemansa, ita ma aka mai da ita baiwa. Sa'ad da Allah ya haɗa su a can ƙasar Larabawa wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu.

Wanda ya bi labarin nan har ƙarshe, in ya sake jin an ce hari, ba doki da ƙura zai fara gani ba, tsohuwar nan zai gani. Wannan shi ne abin da allo ba ya iya koyarwa.

Haka kuma ganima. A bakin maroƙi kalma ce mai zaƙi. A littattafan fiƙihu kuwa tana da ƙa'idodi, har da humusi, watau kashi ɗaya cikin biyar da a ke warewa kafin a raba saura ga mayaƙa. Amma a cikin Shaihu Umar ganima tana da ƙafafu, tana kuka, tana da uwa. Mai karatu ya lura da wani abu: uwar Umar 'ya ce, Musulma ce, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bayyana a Wasiƙatu Ahlis Sudan cewa bautar da 'ya'ya Musulmi haram ne. Duk da haka aka sayar da ita. Mawallafin bai tsaya ya yi wa'azi a kan wannan ba, ya bar abin ya faɗi kansa, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta ke. Da ya hau mumbari, da mun ce mun ji, mu rufe littafin.

Ba a ƙasarmu kaɗai marubuta suka yi irin wannan aiki ba. Wani Bajamushe, Erich Maria Remarque, wanda ya yi soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya fitar da littafi a 1929 a kan samarin da aka ɗebo daga makaranta aka kai su ramukan yaƙi. Malaminsu ne ya cika musu kunne da manyan kalmomi na kishin ƙasa da jaruntaka, da suka isa can suka tarar da yunwa da laka da gawawwaki. Sunan littafin ma, ma'anarsa ita ce babu wani sabon labari daga fagen yamma, don abin da sanarwar soja ta ce ke nan a ranar da aka kashe yaron da ke ba da labarin. A 1933, shekarar gasar Zariya, mutanen Hitler suka ƙone littafin a bainar jama'a. Sun san abin da su ke tsoro.

Kada a ce na yabi Shaihu Umar ban ga aibinsa ba. Gwarawan nan da aka kai wa hari, ba mu bi su mun ga inda suka ƙare ba, kamar dai baƙin cikin ya fara ne daga ranar da ya taɓa gidan Musulmi. Sa'an nan bautar Umar kanta ta zo da sauƙi ƙwarai: ubangidansa ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu har ya zama shaihi. Mai karatu marar lura zai iya fita da tunanin cewa bauta sa'a ce, wani ya dace, wani bai dace ba. Nawa ne cikin waɗanda aka kora cikin rairayi suka zama malamai? Littafin ya nuna mugun hari da mugun ubangida, amma bai kai ga cewa ita bautar ce mugunta ba. Sai a 1936, bayan fitowarsa, doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Nijeriya ta Arewa, saboda haka sa'ad da ya ke rubutu maganar ba ta huce ba tukuna. Wannan uzuri ne, amma bai cike gurbin ba.

Wani abu kuma ga mu Sakkwatawa: Hausar littafin ba irin ta bakinmu ba ce. Inda mu ke cewa shina, za ka ga yana. Kada wannan ya sa kowa ya ga kamar tasa ce ba daidai ba. A riƙe duka biyu.

Da a ce kalmomin nan sun mutu tare da zamaninsu, da sai mu ce aikin masu tarihi ne. Amma ba su mutu ba. Wanda ya saurari rediyo a Oktoban 2021 ya ji an ce an kai hari kasuwar Goronyo, kamar yadda aka sha ji a kan ƙauyukan Sabon Birni da Isa. Fansa, wadda a da ta ke nufin dukiyar da a ke bayarwa a karɓo bawa ko kamamme, ta dawo bakin mutane da ma'anarta ta fari, ko wasali bai sake ba. Garkuwa kuwa ta fi ban tausayi. Asalinta fatar nan ce mai tauri da mayaƙi ke tare kibiya da ita. Yanzu in an ce an yi garkuwa da mutum, shi ɗan Adam ɗin ne ya zama fatar.

Saboda haka shawarata ga mai karanta littafin nan ita ce ya ajiye ɗan littafin rubutu kusa. In ya gamu da kalma irin su ayari, ko madugu, ko zango, ko kuyanga, ya rubuta ta, ya rubuta ma'anarta, sa'an nan a ƙarƙashi ya rubuta wanda abin ya faɗa wa a cikin labarin. In ta gagare shi ya tambayi tsofaffin unguwa, don sau da yawa sun fi ƙamus.

Akwai kalma ɗaya da na ke so a ƙara a wannan ɗan littafi, ko an gamu da ita a Shaihu Umar ko ba a gamu ba, ita ce kufai, watau wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. Wanda ke son ma'anarta ba sai ya yi nisa ba. Kudu da Sakkwato kaɗan akwai inda Satiru ta ke kafin watan Maris na 1906, sa'ad da sojan Turawa da dakarun Sarkin Musulmi suka auka mata bayan tawayen mutanenta. Aka kashe maza, aka kwashe mata da yara, aka hana kowa ya sake gini a wurin.