MikroTik hAP lite: Ƙaramin Akwatin Da Ya Damƙa Min Makullan Shagona

Gani ya kori ji. Na daɗe ina jin masu harkar intanet suna kambama MikroTik, ina ɗauka zuzutawa ce irin ta 'yan kasuwa. Sai da na zauna da hAP lite a gabana, na saita ta da hannuna daga farko har ƙarshe, sannan na yarda cewa yabon da suke yi ma bai kai ba. Rauta ce da ba ta wuce tafin hannu ba, mai ramukan waya huɗu, amma wallahi kamar barkono take, ga ƙanƙanta ga yaji.

Kamfanin da ke ƙera ta a birnin Riga na ƙasar Latbiya yake, an kafa shi a 1996. Abin da ya fara sace min zuciya shi ne manhajar RouterOS da ke cikin wannan 'yar ƙaramar na'ura ita ce dai ke cikin manyan na'urorin kamfanin da masu sayar da intanet ke amfani da su. Wato wanda ya koya a nan, ya koyi sana'a ke nan.

Ranar farko na jona waya daga kwamfuta zuwa rami na biyu, domin na farko na layin intanet mai shigowa ne. Adireshinta na asali 192.168.88.1, sunan shiga kuma admin. Tsofaffin fita ba su da kalmar sirri sam, sababbi kuwa ana rubuta tasu a takardar da ke manne a jiki. Na buɗe Winbox, manhajar da ake sarrafa ta da ita, na danna Neighbors, sai ga rautar ta bayyana da kanta. Winbox na iya shiga ta lambar MAC, ko da an dagula adireshin IP gaba ɗaya. Duk wanda ya taɓa kulle kansa a wajen rautarsa ya san darajar wannan ƙofa.

Daga nan aikin ya zama abin marmari. A System, ƙarƙashin Identity, na raɗa mata sunan shagona, don kada ta ɓace min cikin sauran masu amsa sunan MikroTik. A Users na buɗe sabon asusu da sunan da ni kaɗai na sani, na sa doguwar kalmar sirri, na shiga da shi, sannan na kashe admin ɗin da duniya ta haddace. Masu amfani rukuni uku ne: full mai cikakken iko, write mai iya sauya saiti, da read mai kallo. Yaron shagona na ba shi read. Yanzu yana ganin ko layi ya faɗi, ya kira ni, amma ba ya iya sauya saitin da na yi. Wannan tsari ya kwantar min da hankali matuƙa.

Sai IP, ƙarƙashin Services, inda rautar ke jera maka dukkan ƙofofinta a fili ba ɓoye-ɓoye: telnet a 23, ftp a 21, www a 80, ssh a 22, Winbox a 8291. Na rufe waɗanda ba na buƙata ɗaya bayan ɗaya, ina kallon kowane layi yana dusashewa, kamar maigida na zagaya gida da dare yana sa sakata. Winbox kuma na taƙaita shi ga adireshin cikin shago kawai. Rigakafi ya fi magani. A 2018 an gano wata kafa a Winbox da ɓata-gari suka riƙa kutsawa ta ciki, kamfanin ya toshe ta a watan Afrilun shekarar, amma waɗanda ba su sabunta manhajarsu ba sun ci gaba da shan wahala. Shi ya sa ban tashi ba sai da na shiga Packages na sabunta tawa.

Amma gwarzon abin, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami, shi ne maɓallin Safe Mode. Ka danna shi kafin ka fara sauye-sauye. Idan ka yi kuskuren da ya katse ka daga rautar, ita da kanta za ta warware abin da ka yi, ta koma yadda take kafin ka taɓa. Da wata rauta da na yi amfani da ita a baya, kuskure ɗaya ya sa na goge komai na sake daga tushe, kwastomomi na tsaye suna jira. A nan kuwa na gwada da gangan, na toshe kaina, na jira, na sake shiga na tarar da komai daram. Na'urar da ke ba ka cikakken iko, ta kuma tsaya maka idan ƙafarka ta zame, ai ta cancanci jinjina.

Sauran aiki kaɗan ne. Na saita agogo a kan Africa/Lagos, na kunna NTP don ta riƙa karɓo lokaci daga intanet, saboda rajistar abubuwan da suka faru ba ta da amfani idan lokaci ba daidai ba ne. A Files na danna Backup, na kwafe fayil ɗin zuwa filas na adana. Ga wani ƙarin daɗi: wuta mai bolt 5 take sha ta ramin USB, don haka idan an ɗauke wuta, fawa-bankin wayata ya ishe ta.

Gaskiya ne jerin zaɓuɓɓukanta na da yawa, kuma Wi-Fi ɗinta na 2.4 GHz ne kawai. Sabon shiga ya fara da Quick Set, shafi ɗaya da ya tattara muhimman abubuwa, sauran za su zo sannu a hankali.

Ɗan'uwa mai shagon kwamfuta, malama mai kula da intanet ɗin makaranta, ɗalibi mai son koyon sana'a, ku nemi wannan na'ura. Ranar da ta shigo hannunku, ku sauya kalmar sirri kafin komai, ku rufe ƙofofin da ba ku buƙata, kuma kada ku taɓa wani saiti sai kun danna Safe Mode.