Fuska da murya: wakilcin baƙaƙen ƴan mata a fim ɗin Bande de filles

1. Gabatarwa

A shekarar 2014 ne Céline Sciamma ta fitar da Bande de filles, aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Cannes. Labarin Marieme ne, yarinya mai shekara 16, mazauniyar unguwannin talakawa na kewayen Paris. An yaba wa fim ɗin domin ya ɗora baƙaƙen ƴan mata huɗu a sahun gaba, abin da ba a saba gani ba a siniman Faransa. Ra'ayinmu a wannan maƙala shi ne ƙidayar fuskoki ba ta isa ma'aunin wakilci ba. Sai an duba wa ke magana, a ina, kuma da wane suna ake kiransa.

2. Magana da shiru

Ta wannan fanni fim ɗin ya yi zarra. Tun daga farko muna ganin ƴan mata na komowa daga wasa da dare, suna surutu da shewa. Da suka iso inda samari ke zaune, sai kowa ta yi tsit. Ba a furta kome ba, amma mai kallo ya gane wa ke da iko da filin unguwa. Haka kuma a lakwal: jami'ar da ke shaida wa Marieme cewa ba za ta wuce lise ba, sai dai koyon sana'a, muryarta kawai muke ji, ba mu ganin fuskarta. Hukuma na yanke hukunci daga ɓoye. Sai a ɗakin otel, inda su huɗun ke rawa da waƙar Rihanna, muryoyinsu ke sakewa. Amma a lura, kalmomin na wata ne, harshen ma aro ne.

3. Suna da gida

Lady, jagorar gungun, ita ta raɗa wa Marieme sabon suna, Vic, daga Victoire, wato nasara. Masu kallo a Faransa za su tuna da Vic ta fim ɗin La Boum (1980), ɗiyar turawa masu hali. Ke nan don yarinyar ta zama jaruma sai da ta tuɓe Marieme, sunan da ya fito daga Maryam, ta yafa na wata.

A nan raunin yake. Uwa mai aikin shara ce, ba ta cika fitowa ba. Uba babu shi. Wanta Djibril mai duka ne. Kusan dukan zancen da faransancin unguwa ake yin sa. Gidan baƙin haure, wanda ga masanin harshe wuri ne na cuɗanyar harsuna da raha da tarbiyya, ya koma kurkukun da ake gudu kawai. An ba ƴan matan fuska, an hana su asali.

4. Kammalawa

Amsa ta zo daga su kansu. A 2017 Amandine Gay ta fitar da Ouvrir la voix, inda baƙaƙen mata 24 ke bayyana rayuwarsu da bakinsu. A 2018 ƴan wasa 16, bisa jagorancin Aïssa Maïga, suka wallafa Noire n'est pas mon métier kan ƙarancin rawar da ake ba su. Cikinsu har da Karidja Touré da Assa Sylla, taurarin fim ɗin nan, da Magaajyia Silberfeld, ɗiyar Rahmatou Keïta ta Nijar. Wannan bai rage darajar aikin Sciamma ba, amma ya nuna iyakarsa. Tambayar da ya kamata ɗalibanmu su riƙe, ko fim na Paris ne ko na Damagaram, ita ce: wa ya rubuta maganar da aka sa a bakin yarinyar?