Ranar da aka bar Florida State a bakin ƙofa

Muhawarar faɗaɗa gasar cin kofin ƙwallon Amurka ta jami'o'i, duk inda ta zaga, a kan rana guda take sauka: Lahadi, 3 ga Disamba, 2023. A ranar ne kwamitin mutum 13 mai zaɓen waɗanda za su shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale ya fitar da sunaye huɗu: Michigan, Washington, Texas da Alabama. Florida State, wadda ta buga wasa 13 ta ci 13, ta kuma ɗaga kofin rukunin ACC a daren da ya gabata, sai aka ajiye ta a matsayi na biyar. Tun da aka fara tsarin ƙungiyoyi huɗu a 2014, ba a taɓa rufe wa zakaran ɗaya daga cikin manyan rukunai biyar ƙofa ba alhali ba wanda ya doke shi.

Tushen abin karaya ce. Ranar 18 ga Nuwamba, a wasa da North Alabama, ƙaramar makarantar da aka gayyato don cika jadawali, kwatabak ɗin Florida State, wato jagoran harinta, Jordan Travis, ya fita da ƙwallo a guje, aka kayar da shi, ƙafarsa ta hagu ta karye. Da mataimakinsa Tate Rodemaker aka je gidan jami'ar Florida aka ci 24 da 15, shi ma ya dawo da buguwa a kai. Sai ɗan aji ɗaya, Brock Glenn, ya riƙe ragama a wasan ƙarshe na ACC da Louisville a birnin Charlotte. Yaron bai jefa abin da ya wuce yadi 55 ba a wasan gaba ɗaya. Amma masu tsaron baya sun tsare gida, Louisville ba ta kai ƙwallo ƙarshen fili ko sau ɗaya ba, bugu biyu tsakanin sanduna kawai ta samu, aka tashi 16 da 6. Ƙungiyar da ta rasa jagoran harinta har sau biyu ta ci gaba da cin wasa, to wannan shi ne abin da ake kira ƙarfin ƙungiya.

Kwamiti bai kalli abin haka ba. Shugabansa na lokacin, Boo Corrigan, daraktan wasanni na jami'ar NC State, wadda ita ma 'yar ACC ce, ya fito a talabijin ya ce Florida State ba ita ce ƙungiyar da aka gani a makonnin farko ba. Yana da hujja a takarda, domin ƙa'idojin kwamitin sun ba shi dama ya duba rashin wani babban ɗan wasa idan hakan zai shafi wasannin da ke tafe. Sai dai a nan gizo ke saƙa. Ranar Talata, 28 ga Nuwamba, kwana goma bayan karayar Travis, wannan kwamitin dai ya sa Florida State ta huɗu, Texas ta bakwai, Alabama ta takwas. Ya riga ya san Travis ba zai dawo ba. Abin da Florida State ta ƙara yi bayan nan shi ne cin kofi da ratar maki goma, sai kuma aka saka mata da saukarwa. A 2014 ma Ohio State ta shiga wasan ƙarshe na Big Ten da kwatabak na uku, Cardale Jones, ta lallasa Wisconsin 59 da nema, aka ba ta kujera ta huɗu, ta kuma cinye kofin ƙasa. Bambancin kawai shi ne nasarar Jones ta yi kyau a ido, ta Glenn ba ta yi ba.

Ainihin ƙullin a birnin Atlanta aka ɗaura shi. Alabama ta doke Georgia 27 da 24 a wasan ƙarshe na rukuninsu, SEC, ta katse mata jerin nasarori 29. Ita Alabama kuwa Texas ta riga ta je har gidanta a Tuscaloosa cikin Satumba ta ci ta 34 da 24, don haka ba a iya shigar da Alabama a bar Texas. Da an bi sakamako zalla, Michigan, Washington, Florida State da Texas ne za su shiga, rukunin SEC kuma ya zauna a gida a karon farko. Kwamiti ya ƙi wannan. Ya kuma yi kamar ya manta cewa mako guda kafin nan, Alabama da ƙyar ta sha a hannun Auburn, da jifan Jalen Milroe zuwa ga Isaiah Bond a yunƙuri na huɗu, saura yadi 31, ana gab da tashi. Auburn ɗin nan kuwa New Mexico State ta zo har gida ta ci ta 31 da 10 a makon da ya gabace shi.

Magoya bayan SEC suna da abin faɗa, kuma bai kamata a hana su ba. Daga kakar 2006 zuwa ta 2012 rukunin ya ɗauki kofin ƙasa sau bakwai a jere. A shekara goma na tsarin ƙungiyoyi huɗu ya ɗauki shida: Alabama uku, Georgia biyu, LSU ɗaya. Sukan ce rashin nasara ɗaya a SEC ya fi kaka marar tabo a wani rukunin daraja, sai su nuna wasan Orange Bowl na 30 ga Disamba, inda Georgia ta yi wa Florida State 63 da 3. Amma ƙungiyar da ta buga wannan wasan ba ita ce wadda aka zalunta ba, domin manyan 'yan wasanta da dama sun janye, wasu don shirin shiga NFL, wasu don neman wata makaranta, bayan an nuna musu cewa wahalar da suka sha ba ta da lada. Abin da ake saurin tsallakewa shi ne Florida State ta haɗu da ƙungiyoyin SEC sau biyu a wannan kakar ta kuma ci duka, har da casa LSU 45 da 24 a Orlando. Alabama ɗin da aka fifita kuma Michigan ta fitar da ita 27 da 20 a ƙarin lokaci a Rose Bowl.

Shugabannin ACC ma suna da nasu kaso na laifi. Tun Yunin 2021 aka gabatar da tsarin ƙungiyoyi 12. Da Texas da Oklahoma suka sanar za su koma SEC, sai ACC ta haɗa kai da Big Ten da Pac-12 suka taka wa shirin birki, a Fabrairun 2022 aka ce an tsaya a huɗu. Sai a Satumbar 2022 shugabannin jami'o'i suka amince, daga baya aka tsayar da 2024 a matsayin shekarar farawa. Abin takaici ne a ce rukunin da ya ja ƙafa shi ne wanda zakaransa ya rasa kujera a kaka ta ƙarshe ta tsohon tsari. Ƙawancen ma bai daɗe ba, Big Ten ta kwashe USC da UCLA daga Pac-12, daga baya Oregon da Washington suka bi su.

Da tsarin 12 ya zo, aka ware kujeru biyar ga zakarun rukunai, bakwai kuma kwamiti ya cike. Mutane da yawa sun ɗauka rigima ta ƙare. Ba ta ƙare ba, sauka kawai ta yi daga kujera ta huɗu zuwa ta ƙarshe. A Disambar 2024 gardamar tsakanin SMU ce mai nasara 11 da rashin nasara 2, da Alabama mai 9 da 3. A wannan karon kwamiti ya ɗauki SMU, kuma ya yi daidai, domin ƙungiyar da Vanderbilt ta ci, Oklahoma kuma ta hana ta fiye da maki uku, ba ta da bakin kuka. Penn State ta yi wa SMU 38 da 10, Notre Dame ta fitar da Indiana, nan take aka fara cewa an shigo da 'yan rakiya. A wannan zagayen na farko kuma Tennessee ta SEC ta sha 42 da 17 a hannun Ohio State, daga baya Alabama ta sake faɗuwa a gaban Michigan 19 da 13, sai bakin ya mutu. Ohio State, mai lamba takwas, wadda tsohon tsari ba zai ko kalle ta ba, ita ta ɗauki kofi bayan ta ci Notre Dame 34 da 23. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ga masu son faɗaɗawa. Zakarun rukunai huɗu da aka ba hutun zagayen farko duk sun faɗi a wasansu na farko, shi ya sa aka gyara dokar a 2025.

Inda abin ya fi ɓata rai shi ne wajen kuɗi. Yarjejeniyar ESPN ta shekara shida ta kai kusan dala biliyan 7.8, kuma a rabon da aka tsara SEC da Big Ten kowanne zai kwashi kusan kashi 29 cikin 100, ACC ta samu kusan 17, Big 12 kusan 15. An kuma miƙa wa manyan biyu akalar tsara gasar daga 2026. Big Ten ta kawo shawarar ƙungiyoyi 16, a ware mata kujeru huɗu, SEC huɗu, ACC biyu, Big 12 biyu, kafin a buga ko wasa ɗaya. Wannan hukuncin 3 ga Disamba ne ake neman mayarwa doka: a 2023 sunan rukuni ya rinjayi sakamako a ɗakin taro, yanzu kuma ana so ya rinjaye shi tun watan Agusta. Masu horarwa a SEC sun fi karkata ga zakaru biyar da zaɓaɓɓu 11, don suna ganin za su samu fiye da huɗu. Florida State dai ta karanci saƙon da wuri, ba a yi mako uku da tsallake ta ba ta maka ACC a kotu tana neman hanyar fita, sai a Maris ɗin 2025 aka sasanta.

Kakar 2025 ta nuna cewa halin kwamitin bai sauya ba. Miami ta doke Notre Dame 27 da 24 a wasan buɗe kaka, amma makonni a jere kwamiti yana sa Notre Dame a samanta, sai a ranar ƙarshe ya juya su, alhali ba wadda ta buga wasa a wannan makon. Alabama ta sha 28 da 7 a hannun Georgia a wasan ƙarshe na SEC, rashin nasararta na uku, ba a motsa ta daga matsayi na tara ba. Notre Dame mai 10 da 2 ta fusata ta ƙi zuwa kowane wasan ƙarshen kaka. Indiana, wadda aka kira 'yar rakiya shekara guda kafin nan, ta yi wa Alabama 38 da 3 a Rose Bowl, ta kuma ɗauki kofi, na uku a jere ga Big Ten.

Gyara ɗaya na gaske da aka samu yana wajen jadawali. SEC ta daɗe tana buga wasa takwas a cikin rukuninta yayin da Big Ten da Big 12 ke buga tara, abin da ke ba ta damar hutawa da ƙananan makarantu a watan Nuwamba. A Agustan 2025 ta amince da komawa tara daga kakar 2026, tare da tilasta wa kowace ƙungiya karawa da babbar makaranta guda daga wajen rukuni, ACC ma ta bi sahu. Wannan zai ƙara yawan wasannin da za a auna rukunai da su a fili. Kujeru bakwai cikin 12 kuwa har yanzu a hannun kwamiti suke, kuma ba ya bayyana wa jama'a yadda kowane mamba ya jefa ƙuri'arsa.